Ƙuri'ar Likita Orcutt

Saura kwana uku zaɓe, ina tasha ina jiran jirgin ƙasa mai zuwa garin Columbus, sai wani mai raba takardun kamfe ya zauna kusa da wani dattijon manomi. Ni ko kallona bai yi ba, tunda a wancan zamanin mu mata ba mu da ƙuri'a.

"Baba, kada ka sake zaɓen Likita Orcutt. Shekara huɗu yana barci a majalisa. Ku kayar da shi ya dawo ya duba marasa lafiyarku."

"Ɗana, da gani kai baƙo ne. Orcutt magani ɗaya ya sani, ya tsaga jijiya ya tara jini a kwano. Zazzaɓi, tsaga. Targaɗe, tsaga. Tunda muka tura shi majalisa, mai haƙa mana kabari ya koma noman masara."

"Haba, Baba!"

"Matata Prudence na kwance da ciwon ƙirji tun Lahadi. In ya faɗi, da wuƙarsa zai dawo. Ku wa kuka tsayar?"

"Likita Whitlow. Na garinmu ne."

Dattijon ya daɗe yana kallonsa, har mutumin ya sunkuyar da kai.

"Allah sarki. Mutum nawa ya tsaga muku? Ku yi haƙuri, ɗana, kujerar ɗaya ce, kuma mun riga ku."