Jitar da ake kwantarwa a cinya

Ranar Lahadi na shiga keke daga Tumfure, na tarar da wata dattijuwa rungume da jita. Saurayin da ke gefenta ya kai yatsa ya kaɗa.

"Mama, saitinta ya ɓaci. Kawo in gyara miki."

"Kai, cire hannunka! Maigidana ya saita ta."

"Ai ba haka ake ɗaure tsirkiya ba."

"Ga mai yatsu biyar ba. Injin niƙa ya cinye masa na hagu. Yanzu a cinya yake kwantar da ita, yana jan guntun ƙarfe a kai. Ni nake rerawa, shi yana murɗawa, har kowace tsirkiya ta hau muryata."

"Ikon Allah! Yana ina?"

"Ya riga ni coci. Yau za a ba wani gurbinsa cikin makaɗa, kunya ta hana shi ɗauko ta. Bai ma san na biyo shi da ita ba."

"In ya ƙi kaɗawa fa?"

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

"Muryata ce a ciki, ɗana. Tun da muka yi aure bai taɓa ƙin amsa ta ba."