Furen da Kaltumi Ta Share

KALTUMI: Alo? Salamu alaikum. Baba?

ILLA: Wa alaikumus salam. Kaltumi? Ina wuni?

KALTUMI: Lahiya lau. Ya jiki? Ya Yamai?

ILLA: Da sauƙi. Ya Tawa, ya damina? Ya maigidanki da yara?

KALTUMI: Duk lahiya, ruwa sai godiya. Baba, ya aikin idon? An cire yanar?

ILLA: Bar ido tukuna. Kina leƙa gidana? Ya furena?

KALTUMI: Fura? Ba sa ba ka fura a can?

ILLA: Fure! Na gindin katanga, mai ruwan ɗorawa, na marigayiya innarki.

KALTUMI: Wayyo, ai don shi na kira! Baba, na gyara maka shi tas. Mako uku ke nan, duk kawunan da suka bushe na tsinke, na share wurin.

ILLA: Kin yi mi?

KALTUMI: Na tsinke. Sun yi muni, baƙi ƙirin...

ILLA: Inna lillahi. Kaltumi, iri ne! Cikin busasshen kan nan irin yake, siriri kamar tsinken tsintsiya. Daga lambun mishan na ɗauko shi ina aji huɗu. Innarki ta riƙe shi shekara arba'in da ɗaya, bai taɓa yankewa ba. Bana kuma duk irin da na adana cikin ambulan na shuka, ban rage ko ƙwaya ba.

KALTUMI: Baba, tsaya ka ji...

ILLA: Ina kika zuba?

KALTUMI: Kan jujin taki, bayan garken awaki. Alo? Baba?

ILLA: Ina jin ki. Shi ke nan. Laifina ne, ban gaya miki ba.

KALTUMI: Kai, Baba, ba ka bari na ƙare ba! Ya tsiro!

ILLA: Mi ya tsiro?

KALTUMI: Jujin! Gaba ɗaya! Ruwan ranar Jumma'a ya dake shi, yau na je da hauya zan nome, na ɗauka ciyawa ce. Na tuge guda, sai na ji warin nan a hannuna, warin hannun Inna sak! Na jefar da hauyar, na yi guɗa ni kaɗai, har Tanna maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko haihuwa aka yi.

ILLA: Ganyen ya yake? Tsage-tsage kamar gashin kaza?

KALTUMI: Shi ne!

ILLA: Nawa ne?

KALTUMI: Wa zai ƙirga? Har cikin tsohon turmi ya fito!

ILLA: Awaki fa?

KALTUMI: Jar akuyar ta sunsuna, ta yi atishawa, ta juya baya.

ILLA: Ha ha! 'Yar nema, ta san na gaba da ita! To na gindin katangar? Sun mutu ko?

KALTUMI: Mutuwa? Inda na tsinke ɗaya, uku suka fito. Katangar ma ba a ganin gindinta.

ILLA: Allahu akbar. Ni da nake lallaɓa su kamar ƙwai, ashe tsinka suke so! To saurara da kyau. Ƙananan, bayan la'asar za ki dasa, da ƙasarsu a jiki. Taƙi ɗaya tsakani. Ruwa a gindi, ban da bisa kai.

KALTUMI: Takin mi?

ILLA: Taƙi! Buɗe yatsunki ki auna! Ki ba Tanna goma, ta sa tsakanin tumatirinta, ƙwari ba sa son warin. Iri ba ya sake kwana a gida ɗaya.

KALTUMI: To. Baba, kiredin wayata ya kusa ƙarewa, idon fa?

ILLA: Au! Da safen nan suka kwance bandejin.

KALTUMI: Baba! Sai yanzu? Kana gani?

ILLA: Tar! Abin da na fara gani bokitin shara ne, ruwan ɗorawa. Na yi ta dariya har likita ya taɓa goshina. Shekara shida, Kaltumi, da hanci nake sanin furen nan ya buɗe.

KALTUMI: Alhamdu lillahi! Ayyururui...

ILLA: Kunnena, ke! Jibi ina tafe, motar safe. Ki bar mini kai goma su bushe, sauran ki yi ta tsinka. Kin ji? Amma manyan ki bari in zo in gan su tuku... Kaltumi? Alo? Alo!