Ba Agana Ce Ta Kama Mai Ɗakina Ba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gajiya? Ni Garba ne, manomi daga wajen Kutama ta ƙasar Gwarzo. Don Allah ka karanta wannan da ƙarfi, waɗanda nake nufi suna zaune gindin rediyon mai unguwa.

Mai ɗakina Rabi ta haihu lokacin cirar gyaɗa. Kafin suna sai ƙuraje masu mugunya suka feso mata a ciki da cinyoyi, ga zazzaɓi, ko zani ba ta iya ɗaurawa. Ungozoma ta leƙa sau ɗaya, ta fito ta ce wa matan unguwa, "Agana ce, kowa ya yi ta kansa." Ranar suna daga ni sai liman. Har ɗibar ruwa a rijiya aka hana mu. Mahaifiyar Rabi ce ta tako daga Kabo ta zauna jinya.

A asibitin Kano likita ya ce, "Ba agana ba ce. Wata cuta ce da kan kama mai jego jefi-jefi, kuma ba a ɗaukarta." Rabi ta warke, sai tabo. Amma har yau ba mai sayen ƙuli-ƙulinta, ungozomar kuwa ko haƙuri ba ta bayar ba.

Masu sauraro, in kai ungozomar nan gaban alƙali ko in bar ta da Allah? Ina gaida direban motar gyaɗa da ya ɗauke mu zuwa asibitin Kano lokacin da kowa ya guje mu. Maƙwabtana kuwa, ban gaishe ku ba.