Rumbun da Aka Liƙe a Kona

Ku magidanta, ku bar wasan nan ku matso. Guzurina na zuwa Kano akuyar Gwaggo Dela ce, yayar babana, tsohuwa marar ɗa. Ita kaɗai gare ta, ta ce in sayar in tahi.

Kun san al'adarmu a nan Kona. In an gama girbi maza su zauna, a liƙe rumbun gandu da laka, ba a buɗewa sai ruwan shuka ya sauka. Majiya ƙarfi su watse ci-rani don hatsi ya kai damina. Shekarar nan gero bai yi ba. Ƙanen babana, Ɗanladi, shi ke riƙe da gandu, ya raba ɗan abin da aka bari waje ɗaki-ɗaki, kowace uwa da ɗiyanta. Gwaggo ba a kira ta ba. Ta dogaro sanda ta zo ta ce, "Ni hwa?"

Ya ce, "Yaya, zaman maza ne. Kowa zai sam miki."

A Kano marina na samu, ina jan ruwa, hannuna baƙi ƙirin har gwiwa. In na ce "hwara" su fashe da dariya, su da ke cewa "fara" baki a tsuke kamar an ba su tsamiya.

Rani ya yi nisa sai ga wani falke daga Tasawa. Ya ce, "Tanko, na ga tsohuwarku tana tonon gidan tururuwa neman ƙwaya."

Na ce wa mai marina, "Maigida, gida za ni."

"Lada sai ƙarshen rani. Ka tafi, ka yafe."

"To ba ni ko gero."

Ya zuba mini ɗan kaɗan a taiki yana tsaki. Na biyo daji, ga tsoron mahara, ban tsaya jiran ayari ba.

Na iske ta jingine da rumbun, cike yake a bayanta. Kowane ɗaki ya ɗauka wani ke ba ta. Na ɗaga gatari in fasa rumbun, Ɗanladi ya riƙe hannuna ya ce, "In ka fasa, mi za mu shuka?" Gaskiya ya faɗa, shi ke ƙona mini rai har yau. Na dama mata kunu, maƙogwaron ya ƙi karɓa. Ba ta ga ruwan shuka ba.

Na ji gobe za ku zauna kan maganar rumbu. Ban iya riƙe hauya yanzu, na sani. Amma ku aiko a ɗauke ni, ko a tabarma ne, ina da magana.