Ranar da Mama Rifkatu ta yi rubutu

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan Zumuntar Mata. Maman Alheri ce, mai toya ƙosai a hanyar kasuwar Bagudo.

Wata huɗu ina ɗauke da wata damuwa. Ɗiyata Alheri tana faɗuwa, jikinta ya sandare. Ban faɗa ma kowa ba sai babanta, don na san ranar da unguwa ta ji kalmar farfaɗiya, ba wanda zai bar ɗansa ya ci kwano ɗaya da ita.

Wata safiya ta sake faɗuwa. Na ɗauki waya zan aika ma shugabarmu, Mama Rifkatu, saƙon murya, in faɗa mata komai. Sai na tarar lambarta ta riga ni, ta turo dogon rubutu na Turanci a guruf ɗinmu. Ni aji huɗu na tsaya, ban iya karanta shi ba. Ban ajiye wayar ba wani namiji ya kira.

"Madam, Mama ta ce za a yi addu'a ta waya. Lambobi shida sun shigo miki, karanto min."

Lambobin na gabana. Na ce a zuciyata, Ya Yesu, ka buɗe min ido.

Nan take na tuna. Mama ba ta taɓa rubutu ba. Murya take turowa, sai ta fara gyaran murya, sannan ta tambayi 'ya'yanmu ɗaya ɗaya da suna.

Na ce masa, "Ba ni Mama mu gaisa."

Ya ce tana cikin taro.

Na ce, "Ranar kasuwa? Wa ke tsare mata tumatir?"

Ya kashe.

Na goya Alheri, na bar mai a kan wuta, maƙwabciya ta sauke min. Na tarar da Mama a rumfar tumatir ɗinta tana jijjiga wayarta.

"Ɗiyata, tun safe ta ƙi. Ina jin layin wayar ƙasar Binin ne ya sake shigowa."

Na ce, "Mama, kin ba wani lambobi?"

Ta ce ta bayar, ta zauna a kan kwando.

Sista Ngozi, nas ɗinmu, ta zo ta duba, ta ce ɓarawo ne ya kwashe lambar Mama ta guruf zuwa tasa wayar. Duk abin da aka aika mata ran nan, kunnensa zai faɗa. Da na aika, da baƙo ne ya fara jin sirrin ɗiyata, ya yi yadda ya so da shi.

Mata uku masu satifiket sun ba shi lambobin. Ni mai aji huɗu Ubangiji ya sa na bi gida gida ina gargaɗi har rana ta faɗi, ba wadda ta ƙara ba shi. Halleluya!

A rumfar tumatir ɗin na faɗa ma Mama ciwon Alheri, baki da baki. Ngozi ta kai mu asibiti, yanzu Alheri na shan magani. Yau da bakina na faɗa muku, ba satar sirrin aka yi min ba. Na gode wa Allah, ku ma ku dogara gare shi.

Roƙona, kowa ya nemi lambobin nan, ko da sunan Fasto ne, ku kashe wayar ku taka ku gan shi. Kuma ku bar 'ya'yanku su zo su yi wasa da Alheri.