Takan Leƙo

A ɗakin jiran likita, wushiryar marubuciyar da ke hoton bayan wani littafi ce ta tsayar da idon wata dattijuwa, irin tata ce sak. Ta taɓa matashiyar da ke karanta littafin.

"'Yata, me ta rubuta a ciki?"

"Tarihin rayuwarta, Mama. Shekara huɗu tana jinyar mahaifinsu ita kaɗai. Har kuka na yi."

"Ita kaɗai? Ba ta ambaci yayarta ba?"

"Sau ɗaya. Wai takan leƙo."

"Takan leƙo," in ji dattijuwar. "To, wa ke wanke masa gyambon baya kullum?"

"Babu zancen gyambo. Kin san su ne?"

Dattijuwar ta ɗauki katinta, ta fice tun ba a kira ta ba.