Makullin Lambun Nuzla

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan zama, Alhaji Usuman. Malamanmu da dattawanmu. Iyayenmu mata da ke zaune a wancan ɓangare. 'Yan kwamitin lambu, waɗanda ni ma ɗaya ne daga cikinsu. 'Yan'uwa da suka taso daga Safa da Bani Malik, da mu mutanen Nuzla: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya, ina kuma godiya ga shugaba da ya ba ni wannan dama. Ga wanda bai san ni ba, sunana Nuraddeen Husaini, shekarata talatin da ɗaya ina tuƙin mota a Jidda. Ni ba mai iya jawabi ba ne, kuma yau raina a ɓace yake. Wanda maganata ta yi wa zafi, ya yi haƙuri, ni ta fara ƙonawa.

Na farko, bari in tuna mana yadda lambun nan ya samu. Filin da ke bayan masallacinmu juji ne, kowa ya sani. Mai shi, dattijo ɗan ƙasa, ya ba mu aronsa bisa sharaɗi guda: ya zauna kore, ya zauna da tsabta, in ba haka ba ya mayar da shi wurin ajiye motoci. Muka yanka fangali goma sha huɗu, muka shuka zogale da yakuwa da kuɓewa da lalo, abin da harshenmu ke kewa. Amma yawancin masu fangalin tsofaffi ne, famfon wurin kuwa sai ya ga dama yake kawo ruwa. Maƙwabta suka yarda su riƙa tara mana ruwan da ke ɗiga daga mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. To, wa zai hau bene hawa huɗu ya sauko da jarka cike?

Wata Juma'a bayan sallar asuba, sai ga wani mutum ya tsaya a ƙofar lambu yana haki, gumi ya jiƙe masa riga, wasu su goma sha biyu a bayansa. Abdulelah ke nan, ma'aikacin tashar jiragen ruwa, jikan alhazan da suka zo da ƙafa tun kafin a haife ni. Ya kira ni Ammu, wato baffa, ya ce mini, "Ya Ammu, mu gudun motsa jiki muke yi daga Bani Malik. Gudu bas, gudu kawai, babu fa'ida. Akwai aiki a nan?"

Na nuna masa benaye. Ya juya ya ce wa mutanensa, "Yalla, mu je."

Wata goma sha shida, jama'a. Wata goma sha shida, Talata da Juma'a da Asabar, suna gudu su iso, su sauko da jarkoki, su yi ban ruwa, su cire ciyawa, su ɗaure rumfar inuwa idan iska ta yaga ta, sannan su juya da gudu, kowa ya kama aikinsa. Ba su da fangali ko ɗaya a ciki. Ba su taɓa tambayar wanda zai ci amfanin ba.

Na biyu, da me muka sāka musu? A watan Yuli kwamiti ya zauna a kansu. Aka ce kayan gudunsu ba su dace da kusa da masallaci ba, alhali duk wanda ya gan su ya san sun rufe jikinsu. Aka ce ba su iya gaisuwa ba, Hausarsu rabi Larabci ce. Subhanallahi! 'Ya'yan wa ke gida suna amsa mana Hausa da Larabci? Ba namu ba? Sannan aka kawo babbar magana: wai an ga Lujain, malamar asibitin nan da ke gudu tare da su, ta fita da kuɓewa a leda. Ba wanda ya kira ta. Ba wanda ya tambayi mai kuɓewar. Aka ce a sauya kwaɗo, makulli ya zauna hannun mutum ɗaya, namu na gida za su riƙa ban ruwa bayan la'asar.

Aka ce a ɗaga hannu. Ni ma na ɗaga. Na ga manya sun ɗaga, na ji nauyin in bar nawa a ƙasa.

Washegari ina bakin masallaci suka iso. Lujain ta taɓa sabon kwaɗon, jarka na ɗaya hannunta, ta ce, "Ammu Nuraddeen, makulli ya lalace?"

Na ce, "Kwamiti ne ya yanke, 'yata."

Ta dube ni, ta dubi ƙasa. Ta ce, "Halas, shi ke nan. Amma ruwan fa, a ina za mu ajiye?"

Ruwan ta tambaya, jama'a, ba dalili ba! Suka jera jarkokin a jikin katanga suka tafi, ni kuwa na kasa ɗaga kai.

Ina namu na gida da aka yi alkawari? Makon farko mutum biyar suka zo. Mako na biyu, biyu. Na uku, babu kowa, a tsakiyar zafin Agusta, lokacin da ko bango ka taɓa sai ka janye hannu. Yakuwa ta kwanta, lalo ya ƙone, aka fara jefo ledojin shara ta saman katanga. Baba Haladu, mai fangalin kusurwa, ɗan shekara saba'in da huɗu, ya kasa zuba ido. Ya hau bene da kansa, ya ɗauko jarka, ƙafa ta goce masa a matakala. Ƙashin ƙugunsa ya karye. Da maƙwabciya ta tambaye shi wa za ta kira, bai ambaci ɗan kwamiti ko ɗaya ba. Cewa ya yi a kira Abdulelah.

Na je duba shi a asibiti, na ba shi labarin abin da ya sa aka rufe ƙofa, don ashe ba wanda ya gaya masa. Ya yunƙura kamar zai tashi. Ya ce, "Nuraddeen, ni na tsinke kuɓewar da hannuna na ba ta. Kakarta ce ke kwance tana marmarin miyar ɗanya. Sai da na rantse mata sannan ta karɓa. Kun mai da kyautata sata?"

In akwai mai amsar wannan tambaya a zauren nan, ya tashi ya ba ni in kai masa.

Na uku, ga inda muke yau. Mai fili ya biyo ta wurin a makon jiya, ya ga abin da ya gani, ya ba mu zuwa ƙarshen wata. Kwana goma sha ɗaya ke nan suka rage. Jiya na tattara ƙarfin hali na tafi Safa wurin Abdulelah. Ya hau da ni saman rufin gidansu, sai ga bokitai jere, da kwalayen madara da aka yanke, cike da dashen zogale da yakuwa. Tun ranar da muka kore su suke rainonsu. Na ce, wane sharaɗi za ku sa mana? Ya ce, "Babu sharaɗi, ya Ammu. Ku buɗe, gobe muna nan."

Su ba su sa ba, ni zan sa. Kwamiti ya janye maganar sata a bainar jama'a, kamar yadda ya bar ta ta zaga unguwa. A yanka makulli uku, ɗaya na masu gudu. Kuma ni daga yau na sauka daga kujerata, a ba wanda ya taɓa ɗaukar jarka. Makullin yana aljihun mutum ɗaya a cikinmu. Ba zan faɗi sunansa ba, domin laifinmu ɗaya. Ina jira.

Madalla, Alhaji Nasir, da ka fito da shi da kanka. Allah ya sāka maka. Ajiye shi nan gaban shugaba.

Gobe bayan asuba ina ƙofar lambu, kuma duk wanda ya zauna a zaman Yuli ya same ni a can. Da Hausa ko da Larabci, a tsaye za mu ba su haƙuri.

Allah ya ba Baba Haladu lafiya, ya tashi kafaɗunsa. Allah ya yi wa waɗannan bayi nasa masu gudu albarka, ya ƙarfafa ƙafafunsu. Allah ya yafe mana zaton da muka yi, ya tsare harsunanmu daga irinsa. Allah ya zaunar da ƙasar nan da ƙasashenmu lafiya, ya mai da kowa gidansa cikin aminci.

Na gode. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.